Kai ɗalibai ziyara unguwar 'yan Meziko a Shikago: abin da za a shirya da abin da ke ɓata tafiya

"Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi da zamantakewa a wata makarantar Musulmi a arewacin Shikago. Ɗalibaina 28 ne, 'yan shekara 11 zuwa 13, akasarinsu 'ya'yan mutanen Afirka ta Yamma da aka haifa a nan. Wannan zangon muna darasin ƙaura, shi ne na yi tunanin kai su unguwar Pilsen a ƙarshen Oktoba. Damuwata uku ce: abinci, da bikin matattu da na ji ana yi a lokacin, da kuma kada mu zama 'yan kallo a unguwar mutane. Yaya zan tsara tafiyar?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, wuri da lokaci kin riga kin zaɓa. Abin da kike nema shi ne yadda yini guda zai zama darasi, ba tare da yaro ya ci abin da bai halatta gare shi ba, ko iyaye sun yi ƙorafi, ko an takura wa masu unguwa. Damuwarki ta uku ita ce babba. Sauran biyun da kiran waya da takarda zuwa ga iyaye ake maganinsu, ita kuwa sai an gyara tunanin yaran tun suna aji: baƙunta za su je, kuma baƙo yana da ladubbansa.

Tarihin da ya kamata su sani kafin su taka ƙafa

Sunan unguwar kansa darasi ne. Pilsen sunan wani birni ne a ƙasar Cek ta yau, domin mutanen can ne suka cika wurin bayan babbar gobarar Shikago ta 1871. Daga baya 'yan Polan da Lituweniya da Kuroshiya suka biyo su. Ginin Thalia Hall da ke titin 18, wanda aka gina a 1892 bisa fasalin gidan wasan birnin Prag, na mutanen Cek ne, manyan majami'un da ke unguwar kuma na waɗannan baƙin Turai ne. 'Yan Meziko sun fara shigowa Shikago da yawa ne bayan juyin juya halin da ya ɓarke a ƙasarsu a 1910, suna aikin layin dogo, da masana'antun ƙarfe na kudancin birnin, da mayankar dabbobi. A shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, an tasa ƙeyar da yawa daga cikinsu zuwa Meziko, har da waɗanda aka haifa a Amurka. Daga 1942 zuwa 1964 kuma Amurka ta sake buɗe ƙofa da shirin ɗaukar leburori mai suna Bracero. A lokacin akasarinsu ba a Pilsen suke ba, da yawa suna wata unguwa ɗan arewa da ita. Gina manyan tituna da harabar Jami'ar Illinois, wadda aka buɗe a 1965, shi ya rushe waccan unguwa, mutane suka gangaro kudu. Zuwa wajejen 1970 sun zama mafi rinjaye a Pilsen.

Akwai labari ɗaya da ya dace da 'yan makaranta fiye da kowanne. A farkon shekarun 1970 iyaye da ɗalibai sun yi ta zanga-zanga suna neman a gina musu sakandare tasu a cikin unguwa. Sun yi nasara, aka buɗe makarantar Benito Juárez a 1977, da sunan shugaban Meziko ɗan ƙabilar Zapotec. Bikin Fiesta del Sol da ake yi duk bazara daga murnar wannan nasara ya samo asali. Yaran da iyayensu suka haɗa kuɗi suka kafa makarantar da suke ciki ba za su sha wahalar gane wannan ba. Wanda kakanninsa suka zauna zangon Kumasi ko Nima a Akra ma ya san yadda baƙi ke taruwa wuri guda, su kafa wurin ibada, kasuwa da makaranta.

Ki ba su tambaya ɗaya tak da za su riƙe yini duka: da me baƙo yake mayar da wuri ya zama nasa? Kowane yaro ya ɗauki takarda mai gida biyar, wato rubutun allunan shaguna, zanen bango, abinci, ibada, da sunayen gine-gine, ya cika kowanne da shaida biyu da idonsa ya gani. Yaron da ba a ba shi abin nema ba, cikin minti ashirin zai koma neman abin dariya.

Hanya da lokaci

A fara da gidan adana kayan fasahar Meziko, National Museum of Mexican Art, mai lamba 1852 a titin 19 ta yamma, cikin filin shaƙatawa na Harrison. Malaman makaranta ne suka kafa shi a 1982, ƙarƙashin jagorancin Carlos Tortolero, ya buɗe ƙofa a 1987. Shiga kyauta ne, ana buɗewa ƙarfe 10 na safe, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. Rukunin ɗalibai sai da rajista, kuma Oktoba ne lokacin da makarantu suka fi yin tururuwa, don haka ki nemi gurbi mako shida kafin ranar, ki tambayi kuɗin jagora, da ko suna da wurin ajiye jakunkuna. Minti 60 zuwa 75 ya ishi 'yan wannan shekaru a ciki. Bayan haka ƙafa ce kawai ke tafiya, hankali ya riga ya fita.

Daga nan layi ɗaya kudu, a titin Cullerton, akwai gidan mai zane Héctor Duarte, wanda ya lulluɓe bangonsa da hoton wani ƙaton mutum a kwance, waya mai ƙaya ta ɗaure shi. Gida ne da mutane ke ciki, a tsaya daga tsallaken titi. Sai a dawo titin 18 a nufi gabas har mahaɗar Loomis da Blue Island, inda akwai dandalin Tenochtitlan mai gunkin mikiya a kan dogon ginshiƙi, da ɗakin karatu mai sunan Rudy Lozano, ɗan gwagwarmayar ma'aikata da aka kashe a 1983. A Shikago, daga gabas zuwa yamma, duk lambar gida 800 mil guda ce, don haka daga gidan fasahar zuwa ɗakin karatun kai tsaye ya ɗan haura kilomita ɗaya. Babba zai yi shi a minti goma sha biyu. Da yara 28 da tsayawa uku, ki ware minti 50. Thalia Hall na gaba da kamar mita 350, in da sauran ƙarfi.

Kada ki tafi da su garke guda. Gefen titin 18 ba shi da faɗi, akwai masu tura keken jarirai da masu talla, kuma yara 28 a ƙofar shago sun toshe wa mutum ciniki. Ki raba su huɗu, bakwai-bakwai, kowane rukuni da babba ɗaya, a bar tazarar minti biyar tsakaninsu. Ke kada ki riƙe rukuni, ki zama mai kai-komo, sannan a samu babba na shida da zai iya komawa da yaron da ciki ya ɓaci ko ya ji ciwo. Kowane yaro ya sa kati a aljihu mai sunan makaranta da lambar wayarki, ba sunansa ba. Banɗaki a gidan fasahar da ɗakin karatu za a yi amfani da shi, ƙananan shaguna ba su da na jama'a.

In jirgin ƙasa za ku hau, layin Pink Line ne ke tsayawa a tashar titin 18, wadda mai zane Francisco Mendoza da matasan unguwa suka ƙawata matakalanta da bangonta. Tafiyar minti shida ce zuwa gidan fasahar. Matsalar jirgi ita ce ƙofa ta rufe rabi na ciki rabi na waje. Babba ɗaya ya fara shiga, ɗaya ya zama na ƙarshe, kuma a gaya wa yara tun a makaranta: wanda aka bari ya tsaya inda yake, wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka tasha ta gaba ya jira. Motar makaranta ta fi sauƙi, sai dai a shirya da direba ya sauke ku a titin 19 ya ɗauke ku a Loomis, don kada a maimaita hanya.

Batun salla yana da alaƙa da agogo. A ƙarshen Oktoba azahar tana shiga wajen 12:35, la'asar kuma sai bayan ƙarfe 3, don haka in kun bar unguwar ƙarfe 1:30 za ku yi azahar a makaranta. Amma ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, azahar ta koma wajen 11:35, la'asar wajen 2:15. In tafiyar ta faɗa bayan haka, sai an yi salla a filin Harrison, a zo da ledar shimfiɗa saboda ciyawa na jiƙe, kowa kuma ya fito da alwalarsa. Sanyi da iska ba wasa a wannan lokaci. A rubuta da fensir, domin biro yakan ƙi yi a sanyi, a kan ɗan katako mai matse takarda.

Yadda ake karanta bango

Zanen bango al'ada ce da ta yi ƙarfi a Meziko bayan juyin juya hali. Daga 1921 ministan ilimi José Vasconcelos ya ba masu zane irin su Diego Rivera, José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros bangon gine-ginen gwamnati su zana tarihin ƙasa, saboda jama'a da yawa ba su iya karatu ba. Mutanen Pilsen sun ɗauki wannan daga ƙarshen shekarun 1960. Yaro ba zai gane komai ba in ba a nuna masa alamomin ba tun a aji. Mikiya a kan wata shuka mai ƙaya da suke kira nopal, tana cin maciji, labarin kafa birnin Tenochtitlan ne na mutanen Aztec, inda birnin Meziko yake yanzu, kuma ita ce a tsakiyar tutarsu. Mace mai mayafi shuɗi-kore da taurari, haske na fita ta bayanta, ita ce Maryam ta Guadalupe a wurin 'yan Katolika, ranarta 12 ga Disamba. Mai ƙaton gashin baki da faffaɗar malafa, harsasai a ƙirji, yawanci Emiliano Zapata ne, jagoran manoma. Malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙi kuwa shi ne wanda ke tashi daga Kanada da Amurka duk kaka ya sauka dazukan jihar Michoacán, jihar da dimbin 'yan Mezikon Shikago suka fito, shi ya sa ya zama alamar mai ƙaura.

A gaban kowane zane, minti biyu na farko kowa ya yi shiru ya duba. Sannan kowa ya rubuta abu biyar da ya gani, ba abin da yake zato ba. Sai tambayoyi: wa ya fi kowa girma a hoton, da wane harshe aka yi rubutun, ina sa hannun mai zane da shekara, kuma da wa zanen ke magana, da ɗan unguwa ko da mai wucewa? Zane huɗu sun isa. Bangon layin dogo da ke titin 16 cike yake da zane har ido ya gaji, amma a nan ne malamai suka fi yin asara, domin yara suna wucewa suna ɗaukar hoto ba wanda ya tsaya ya duba ko ɗaya.

Ki bi hanyar da ƙafarki mako guda kafin ranar, domin zane yana ɓacewa. A 2017 an shafe tsohon zanen bangon Casa Aztlán, wata cibiyar al'umma da ke titin Racine, da fenti toka-toka bayan an sayar da ginin, mutanen unguwa suka yi ca, har aka sake zana wani. Wannan ya kai mu ga abin da ke ci wa mazauna tuwo a ƙwarya: haya da harajin gida sun tashi, dubban iyalai 'yan Meziko sun bar unguwar tun daga shekarar 2000, sababbin gidajen shan kofi suna maye gurbin tsofaffin shaguna. Yara za su ga sabon gini na gilashi manne da tsohon gidan jan bulo. Ki bar su su tambaya. Ki kuma nuna musu gidajen da farfajiyarsu ke ƙasa da titi, sai an sauka matakala a shiga, ko an bi wata 'yar gada zuwa bene. An ɗaga titunan birnin ne a ƙarni na 19 don a shimfiɗa magudanar ruwa, gidajen talakawa suka tsaya inda suke. A cikin waɗannan ramuka za su ga tukwanen fure, wani lokaci da tumatir da barkono.

Ranar Matattu

Ana yin ta 1 da 2 ga Nuwamba, kuma ba ita ce daren shigar dodanni na 31 ga Oktoba da yaranki suka sani ba. Haɗi ce ta al'adun mutanen ƙasar na asali da ranakun tunawa da mamata na cocin Katolika, hukumar UNESCO ma ta sa ta cikin al'adun duniya a 2008. Iyali kan shirya tebur mai hawa-hawa da suke kira ofrenda, a jera hoton mamaci, kyandir, turaren copal, ruwa, gishiri, burodi na musamman, abincin da yake so a rayuwarsa, da furen cempasúchil mai ruwan ɗorawa. Masu riƙe da al'adar sun yi imani ruhin mamaci na kawo ziyara a waɗannan ranaku. Wasu kuma tunawa kawai suke yi. Ƙoƙon kai na sukari da kwarangwal sanye da kayan ado suna ko'ina. Gidan fasahar yana baje kolin wannan duk shekara daga Satumba har cikin Disamba, don haka a ƙarshen Oktoba ba yadda za a yi ku kauce masa.

Rigima ba a gidan fasahar take tashi ba, a gida take tashi da daddare, lokacin da yaro ya ciro ƙoƙon kai na sukari daga jaka, uban bai san da maganar ba. Mako biyu kafin tafiya ki aika wa iyaye takarda ki faɗi abin da za a gani ƙarara, har da kwarangwal da hotunan waliyyan Kirista, ki bayyana cewa kallo ne da neman sani, ba wanda zai kunna kyandir ko ya ajiye wani abu. Ki bar gurbin da uba ko uwa za su zaɓi ɗansu ya tsaya ɓangaren kayan dindindin na gidan, tare da babba. In an ba ku aikin hannu, yawanci ƙawata ƙoƙon kai ne ko haɗa ƙaramin ofrenda, ki nemi a musanya da papel picado, wato yanka ado a takarda mai laushi, tun wajen rajista. Hukuncin shari'a a kan shiga irin wannan wuri ba hurumina ba ne, ki kai wa malamin makarantarku da iyaye. In akasari suka nuna ba su so, ɗage tafiyar zuwa Afrilu ko Mayu ya fi a tafi ana gunaguni.

Su kuma yaran a gaya musu cewa hotunan da ke kan teburan nan mutane ne na gaske, wani mahaifiyar wani ce da ta rasu bara, kuma mai yiwuwa danginta na tsaye a ɗakin. Ba dariya, ba taɓawa, ba yanke wa kowa hukunci da babbar murya. Abin da ya saɓa wa aƙidarsu su rubuta, a tattauna a aji. Kada kuma ki ce musu "kamar sadakar arba'in ce tamu", domin ba ɗaya ba ne, kuma iyaye ba za su ji daɗin kwatancen ba.

Wani kuskure da ake yawan yi: 5 ga Mayu ba ranar 'yancin Meziko ba ce, tunawa ce da nasarar da suka yi kan sojan Faransa a Puebla a 1862. Ranar 'yanci 16 ga Satumba ce, daga kiran da limamin coci Miguel Hidalgo ya yi a 1810.

Abinci

Kalmar da za ki haddace ita ce manteca, kitsen alade. Ba a ganinta a faranti. Tana cikin tamales, wato ƙullin masara da ake turarawa a ganye, da waken da aka dama aka soya, da siririyar gurasarsu tortilla in ta fulawa ce, da wasu burodi masu zaƙi, wani lokaci har da shinkafa. Akwai manteca vegetal, wadda ta man tsirrai ce, don haka in kika tambaya "¿Lleva manteca?" aka ce e, ki ƙara da "¿De puerco o vegetal?" Carnitas, chicharrón, chorizo da al pastor duk alade ne. Shi al pastor yana ruɗin yara sosai domin a tsaye ake gasa shi yana juyawa kamar shawarma, kuma daga shawarmar 'yan Lebanon da suka zauna Puebla aka samo shi. Waken da ake kira charros da naman alade ake dafa shi. Ko naman sa ne ko kaza, kan ƙarfen suya ɗaya ake juya su da sauran, ga kuma batun yanka da iyaye suka sha bamban a kai. Mafi sauƙi a ajiye nama gaba ɗaya a wannan rana.

Ki kira gidan abinci mako guda kafin ranar, ki yi odar abu ɗaya ga kowa: quesadilla ta cuku a tortillar masara, a gasa a kasko mai tsabta, da guacamole na fiya, da 'ya'yan itace. Ki nemi su shirya kafin 11:30, kafin ma'aikata su fito cin rana. Yara 28 kowa na zaɓen nasa awa guda ce ta tafi. In kuɗi bai kai ba, kowa ya zo da abincinsa a ci a filin Harrison, a sayi abin sha da burodi kawai a unguwar. Amma a sayi wani abu. Shiga shagon mutum a kalla a fita hannu rabbana rashin kunya ne. Dala biyar a ƙananan takardu ga kowane yaro ta isa. A gidan burodi al'adar ita ce ka ɗauki faranti da awartaki a bakin ƙofa, ka zaɓa da kanka, ka kai wurin biya. Ba a taɓa burodi da hannu, kuma rukuni ɗaya ne zai shiga a lokaci guda.

Haɗarin da ya fi na alade gaggawa shi ne yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi. Miyar mole tana da gyaɗa, riɗi ko almon, alewar mazapán kuwa gyaɗa ce zalla. Elote, dafaffiyar masara da ake sayarwa a titi, ana shafa mata mayonis da cuku. Allurar gaggawar yaro ta kasance a hannun babban da ke rukuninsa, ba a jakar da aka bari a mota ba. 'Ya'yanmu da suka saba da yaji za su yi cika baki a kan miyar barkono, a ce su fara ɗanɗana kaɗan.

A wurin abin sha ne za ki ga idonsu ya buɗe. Jan ruwan da ake kira jamaica zoɓo ne, shuka ɗaya, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa, Kano da Katsina. Tamarindo tsamiya ce. Horchata ta Meziko da shinkafa da kirfa ake yi, amma ta Sifen, inda sunan ya fito, da aya ake yin ta, wato 'yar'uwar kunun aya. A ɗaya ɓangaren kuma, masarar tuwonmu a kudancin Meziko aka fara noma ta kusan shekara 9,000 da suka wuce, barkono da tumatir ma daga nahiyarsu suka zo mana.

In kina son darasin share fage, ku yi tortilla a aji. Asalinta ana dafa busasshiyar masara kilo ɗaya da giram 10 na farar ƙasa irin ta abinci, ba ta magina ba, har ɓawon ya fara saɓulewa, a bar ta ta kwana a ruwan, a wanke, a niƙa. Wannan ne ke sa ƙullin ya kama jikinsa, ya kuma fito da sinadarin niyasin da jiki ke buƙata. Ƙullin sunansa masa, yara za su yi dariyar sunan. Don aji ki sayi garin da aka riga aka sarrafa, masa harina: kofi biyu da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi da ɗan gishiri, a murza, a rufe minti 20. A cura kamar girman ƙwan zabo, a danne tsakanin leda biyu, a gasa a busasshen kasko mai zafi, daƙiƙa 30 a juya, minti ɗaya a sake juyawa har ta kumbura. In gefe na tsagewa ruwa ya yi kaɗan, in tana manne wa leda ya yi yawa, in ta yi tauri ba a nannaɗe ta a tsumma da zafinta ba. Garin masara na tuwo ba zai yi ba, wargajewa zai yi.

Baki da kyamara

Tambaya ɗaya haramun ce a wannan tafiya: "Kana da takardu?" Haka ma "Ta yaya ka shigo?" Da yawan mutanen da za ku gani a Shikago aka haife su, wasu har kakanninsu. Wasu kuma suna cikin fargaba ta gaske, musamman lokutan da jami'an shige da fice suka tsananta kame, kamar yadda aka gani a birnin a ƙarshen 2025. Hoton mai sayar da tamales da yaro ya ɗora a intanet zai iya jawo mata abin da ba a yi nufi ba. Waya ta zauna a jaka, kyamara ɗaya ga kowane rukuni a hannun babba, a ɗauki bango da allo da abinci, fuska sai da izini. Ana gobe tafiya ki kira wanda zai karɓe ku ki ji halin da unguwar ke ciki. In ya ce ba lokacin baƙi ba ne, ki ɗage. Ki kuma tuna a cikin ajinki ma akwai mai yiwuwa yaron da maganar takardu ke hana iyayensa barci.

Kada a tare mutane a titi da tambayoyi. A shirya mutum ɗaya ko biyu tun da wuri, ta hannun ɗakin karatu ko sashen ilimi na gidan fasahar, a aika musu tambayoyin, a ba su ɗan abin goro don lokacinsu. Tambayoyi irin su "Me ya canza a titin nan tun kina yarinya?" ko "Wane abinci ne ke tuna maka da gida?" suna buɗe baki. Yara su koyi buenos días, por favor, gracias, da con permiso da ake faɗa in za a ratsa mutum, su kira manya señor da señora. Ba sa malafa da gashin bakin roba don hoto. In sun tambayi dalili, ki tambaye su yadda za su ji in wasu suka zo masallacinsu da rawanin wasa suna kwaikwayon maganar iyayensu.

Abu biyu za su ƙara musu kusanci da mutanen. Sifaniyanci cike yake da kalmomin Larabci daga zamanin Andalus: alcalde, magajin gari, da alƙali namu tushensu ɗaya, azúcar da sukari haka, limón da lemo haka, ojalá kuwa, da suke faɗa in suna fata, sunan Allah ne a ƙarshenta. Sannan an kai bayi daga Afirka zuwa Meziko, Gaspar Yanga ya jagoranci waɗanda suka tsere a yankin Veracruz har aka kafa gari da sunansa, kuma a ƙidayar 2020 mutum wajen miliyan biyu da rabi suka ce su jinin Afirka ne.

Yini guda a titin 18 ba zai nuna musu Meziko ba, ba zai ma nuna musu dukan 'yan Mezikon Shikago ba. Kasuwar da ta fi cika tana titin 26 a unguwar La Villita, mai babbar ƙofar baka da aka gina a 1990, wasu dubbai kuma suna garuruwan Cicero da Aurora. Kada ki haɗa su rana ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Lokutan buɗewa da ƙa'idojin rukuni suna canzawa, ki tabbatar da su da bakin masu wurin, adadin manya masu rakiya kuma ki bi dokar makarantarku in ta fi abin da na faɗa tsauri.

Cikin mako guda da dawowa kowane rukuni ya rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya karɓe su da shagon da suka shiga, da layi ɗaya ko biyu na Sifaniyanci, a kai da hannu ko a aika. Aikin da za ki ba maki a kansa shi ne su ɗauki takardar nan mai gida biyar, sabuwa, su cika ta a inda iyayensu ke sayen garin rogo, manja da daddawa, irin shagunan 'yan Afirka da ke titin Broadway a Uptown, da masallacin da suke Juma'a. Su kawo takardun biyu aji, a manna su gefe da gefe a bango.